Yadda ake fama da dusar ƙanƙara mai yawa ba tare da an cutar da jiki ko gida ba

Tambaya: "Assalamu alaikum. Wannan ne hunturuna na farko a ƙasar da dusar ƙanƙara take zuba. Gidan da muka kama haya yana da hanyar shigar mota da ɗan titin masu tafiya a ƙafa a gabansa, kuma mai gidan ya ce share su yana wuyanmu. A makon jiya dusar ta kwana ta wuni tana zuba har ta kai gwiwa. Na jira ta tsaya, sannan na fita da shebur na yi kusan awa uku, na dawo da ciwon baya. Washegari wurin ya daskare ya yi santsi, na zuba gishiri mai yawa bai narkar da komai ba, motar hukuma mai share dusar titi kuma ta zo ta sake toshe mini bakin hanya. Maƙwabcina ya ce in lura da rufin gida ma. Mahaifina mai shekara 66 yana tare da mu, yana kuma son ya riƙa taya ni. A ina na yi kuskure, kuma yaya ake yin wannan aiki?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, sannu da aiki, Allah ya ba ka sauƙin bayan. Idan na fahimce ka daidai, abubuwa huɗu ka haɗa a tambaya guda: abin da ya sa aikin ya yi maka nauyi haka, abin da ya hana gishiri aiki, yadda za ka yi da rufin gida, da kuma ko ya dace mahaifinka ya riƙe shebur. Na shekara goma sha ɗaya ina kula da ma'aikatan da ke share harabar wani rukunin gidaje a lokacin hunturu, kuma kafin a ɗora mini kulawar na yi shekaru ina riƙe da shebur ɗin da kaina, don haka daga wurin aiki bayanina ya fito. Yawancin wahalar da ka sha daga abu ɗaya ta taso, wato jiran da ka yi sai dusar ta tsaya. Sai dai zan fara ba ka amsar tambayar ƙarshe a gajarce, domin ita ce ta shafi rai: kada mahaifinka ya yi wannan aiki sai likitansa ya yarda. Dalilin yana nan tafe.

Abin da ka ɗaga a cikin awa ukun nan

Wanda bai saba ba da zurfi yake auna dusar ƙanƙara, mu kuwa da nauyi muke aunawa, domin zurfi ɗaya yana iya zuwa da nauyi iri-iri. Idan ta zubo cikin sanyi mai tsanani takan sauko busasshiya, har tsintsiya tana iya kore ta, kuma akwatin da ke da mita ɗaya ta kowane ɓangare, idan aka cika shi da irinta, nauyinsa yakan tsaya tsakanin kilo 50 da 100. Idan kuma ta zubo sa'ad da ma'aunin zafi yake dab da sifili, inda ruwa yake fara daskarewa, takan zo da ruwa a jikinta, tana liƙe wa shebur, kuma akwatin nan yana iya kai kilo 200 ko 300, wani lokaci ma ya zarce. Daskararriyar ƙanƙara zalla kuwa ta haura kilo 900. A ce hanyar motarka tana da tsawon mita 15 da faɗin mita 3, dusar kuma ta kai zurfin santimita 40. In busasshiya ce, ka kwashe kusan tan ɗaya da rabi. In mai ruwa ce, abin da ka ɗaga da hannunka ka jefar ya wuce tan uku da rabi, ban da titin gaban gida.

Bayan nauyi akwai lokaci, domin dusar ba ta zama yadda ta sauka. Duk awar da ta ƙara a ƙasa, ta sama tana danne ta ƙasa, ƙwayoyinta suna haɗewa, ƙafar mutane da tayar mota suna tattake ta. Da rana ta ɗan narke, ruwan ya tsiyaye zuwa kan siminti ko kwalta, da dare kuma ya daskare ya manne wa daɓen kamar tare aka gina su. Santsin da ka tarar da safe daga nan ya fito: ɗan siririn abin da shebur ya bari, da sawun ƙafarka, da ruwan da ya gangaro daga tulin da ka yi a gefe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ƙa'idar da muke bi a wurin aiki ita ce a fita duk lokacin da dusar ta kai santimita 5 zuwa 8, ko da tana kan zuba. Mutane sukan ga kamar ninka aiki ne, tunda za a share wuri ɗaya sau uku ko huɗu. Amma a wannan zurfin tura ta kawai ake yi zuwa gefe, ba a ɗagawa, kuma minti ashirin sau huɗu da hutu a tsakani ya fi wa baya da zuciya sauƙi nesa ba kusa ba a kan awa uku a jere. Haka nan kada ka fitar da mota kafin ka share, domin layi biyun da taya ta danne su ne suke zama ƙanƙarar da ke daɗewa har ƙarshen hunturu.

Akwai yanayi biyu da nake hana ma'aikata bin wannan ƙa'ida. Na farko idan iska tana kaɗawa da ƙarfi har mutum ba ya ganin gabansa, domin abin da aka share nan take yake komawa, ga haɗarin sanyi da na motar da ba ta hango mai aiki ba. Na biyu idan masu hasashen yanayi sun ce ruwan sama mai daskarewa zai biyo bayan dusar. A irin wannan rana gara a bar ɗan shimfiɗar dusar a ƙasa, ruwan ya daskare a kanta ya zama ɓawon da shebur zai iya ɓarewa, maimakon ya sauka kan tsiraran siminti ya mayar da shi gilashi.

Inda ake tarawa, da maganar motar hukuma

Zubar farko ce take yanke yadda sauran hunturun zai kasance, saboda tulin da ka yi a watan Disamba yana iya kai wa Maris bai narke ba. Ka kai ta nesa tun yanzu, ka bar kusa don zubar da za ta biyo baya, in ba haka ba nan da wata guda sai ka ɗaga shebur sama da kafaɗarka kafin ka sami wurin zubarwa. Ka tara ta a ɓangaren da iska take nufa, a kuma gefen da ya fi gangare, don ruwan narkewarta kada ya ratsa ta inda ake takawa. Kada ta jingina da bangon gida ko tagogin ɗakin ƙasa, kada ta rufe bakin magudanar ruwa, kada kuma ka tura ta kan titin mota, wanda laifi ne a garuruwa da dama.

Direban motar hukuma ba da gayya ya toshe maka hanya ba. Faifan ƙarfen ture dusar da ke gaban motarsa a karkace yake zuwa gefen titi, kuma duk abin da ya kwaso yakan zube ne a gurbin farko da ya samu, bakin hanyarka da ka share kuwa shi ne gurbin. Dabarar ita ce ka lura da ɓangaren da motar take fitowa. A wannan ɓangaren, kafin bakin hanyarka, ka share gefen titi tsawon mita biyu ko uku, faifan ya sauke kayansa a can. Dusar da ka kwashe kuma ka tara ta a ɗaya ɓangaren, wanda motar take nufa bayan ta wuce ka, don kada ta dawo maka da ita. Wannan zai rage tulin sosai, ko da yake ba zai kawar da shi ba. Abin da ya rage ka kwashe shi da zarar motar ta wuce, domin cakuɗe yake da gishiri da ruwan titi, kuma in ya kwana sai da ƙarfe za a fasa shi.

Game da kayan aiki, shebur biyu sun isa gida irin naka: mai faɗi na turawa, da ƙarami mai zurfi na ɗagawa. Babban shebur yana ruɗar mutum ya ɗebi abin da ya fi ƙarfin bayansa, shi ya sa ba na saya wa ma'aikata shi. Idan dusar ta riga ta yi zurfi, ka yanke ta hawa-hawa daga sama. Ka lanƙwasa gwiwa, ka riƙe kayan kusa da jiki, ka juya da ƙafafunka gaba ɗaya zuwa inda za ka zubar. Murɗa ƙugu da shebur cike a hannu shi ne abin da na fi gani yana kwantar da mutane. Injin feso dusar, wanda yake kwasar ta ya watsa gefe ta bututu, yana da amfani ga mai doguwar hanya, amma yana da doka guda da ba a sassauta ta: in bututunsa ya toshe, a kashe shi, a jira ya tsaya cak, a zaƙulo da sanda. Ko injin a kashe yake, fankar cikinsa tana iya zabura da zarar toshewar ta saki, kuma yatsun mutane da yawa ta haka suka tafi.

Maganar mahaifinka

Abin da ya sa wannan aiki ya bambanta da sauran aikin ƙarfi shi ne abubuwa da dama da suke haɗuwa a kan zuciya lokaci guda. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, hawan jini ya ƙaru. Aikin da hannuwa da kafaɗu suke yi ya fi wahalar da zuciya a kan wanda ƙafafu suke yi. Mai ɗaga nauyi yakan riƙe numfashinsa bai sani ba, wannan ma yana tayar da jini. Sannan yawanci da sassafe ake fita, jiki bai warware ba, mutumin da ya yi watanni bai motsa jiki ba yana sauri don kada ya makara. Wani bincike da aka yi a lardin Kebek na Kanada, wanda ya duba bayanan asibitoci daga 1981 zuwa 2014 aka kuma buga shi a 2017, ya nuna cewa washegarin zubar da ta kai santimita 20, haɗarin a kwantar da namiji saboda bugun zuciya yana ƙaruwa da kashi 16 cikin ɗari, na mutuwa kuwa da kusan kashi ɗaya bisa uku. A Amurka ma, ƙididdigar shekarun 1990 zuwa 2006 ta nuna kimanin mutum 11,500 a kowace shekara suna zuwa sashen gaggawa saboda raunin da suka samu wajen kwasar dusar da shebur, kimanin 100 kuma suna rasuwa.

Na ga wannan da idona. Akwai wani dattijo a cikin ma'aikatanmu, mutum mai juriya da ba ya ƙorafi, wanda wata safiya ya ajiye shebur ya zauna a kan matakala ya ce ƙwannafi ne kawai ya taso masa. Gumi ne ya jiƙa masa fuska a cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, kuma wannan gumin ne ya sa abokin aikinsa ya ƙi yarda da maganarsa ya kira motar asibiti. Bugun zuciya ne, kuma Allah ya sa da sauran kwana. Tun daga ranar ba na barin kowa ya yi aikin shi kaɗai, kuma kowane sabon ma'aikaci sai ya ji alamomin daga bakina: nauyi ko matsi a ƙirji, zafin da ke tafiya zuwa hannu ko haɓa ko baya, ƙarancin numfashi, jiri, tashin zuciya, da gumi mai sanyi. Wanda ya ji ɗaya daga ciki ya daina nan take a kira lambar gaggawa, kada ya ce bari ya ƙarasa, kada kuma ya tuƙa kansa zuwa asibiti.

Ni ba likita ba ne, kuma hukunci a kan lafiyar mahaifinka na likitansa ne. Amma idan yana da hawan jini, ko ciwon sukari, ko ya taɓa samun matsalar zuciya, ko yana shan taba, to ni a wurin aikina ba zan miƙa masa shebur ba. Na san yadda yake da nauyi ɗa ya ce wa uba ya koma ciki, musamman uban da ba ya son ya zauna ana yi masa. Ka ba shi aikin da yake na gaske ne amma ba ya buƙatar ɗagawa: barbaɗa yashi bayan ka share, goge gilashin mota, da sa ido a kanka ta taga yana ƙirga lokacin hutunka. Kai ma gargaɗin nan ya shafe ka. Ka motsa jiki na 'yan mintuna kafin ka fita, kada ka fita da cikakken ciki, ka sha ruwa ko ba ka jin ƙishi, ka sa tufafi hawa-hawa yadda za ka iya rage ɗaya in ka fara gumi, ka kuma huta bayan kowane minti goma sha biyar ko ashirin.

Abin da ya hana gishirinka aiki

Gishiri ba ya ɗumama ƙanƙara. Abin da yake yi shi ne ya narke a cikin ɗan ruwan da ke samanta, ruwan gishirin kuma yana buƙatar sanyi fiye da na ruwa zalla kafin ya daskare, sai ya riƙa cin ƙanƙarar a hankali har ya kai daɓe ya raba su. Wannan yana da iyaka. A lissafin masu kimiyya gishirin titi yana iya aiki har zuwa digiri 21 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos, amma a aikace, da zarar sanyin daɓen ya wuce kimanin digiri 9 ƙasa da sifili, narkarwarsa takan yi jinkirin da ba ta da amfani. Bayan babbar zuba sama takan washe sanyi ya tsananta, kuma ina kyautata zaton abin da ya same ka ke nan: ka zuba shi a safiyar da ta fi ƙarfinsa, a kan ƙanƙara mai kauri, ƙarin da ka yi kuma bai sauya komai ba. A irin wannan sanyi sinadarin kalsiyam kulorayid ake amfani da shi, wanda yake fitar da ɗumi idan ya jiƙa, yana kuma aiki har wajen digiri 25 ƙasa da sifili. Yashi ko tsakuwa ƙanana ba sa narkar da komai, amma suna ba ƙafa abin kamawa a kowane irin sanyi, kuma sau da yawa wannan kaɗai ake bukata.

Inda gishiri ya fi amfani shi ne kafin zubar. Ɗan kaɗan da aka barbaɗa a busasshen daɓe yana hana dusar mannewa, shi ya sa hukumomin hanya suke fesa ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 23 cikin ɗari a kan tituna tun sama ba ta fara ba. Bayan zuba kuwa, shebur ne a gaba, gishiri a baya, kuma kimanin babban cokali ɗaya ya ishi murabba'in mita guda. Idan wuri ya bushe kana ganin farin gishiri a kwance, to ya yi yawa, ka share ka adana. Ina nanata wannan ne domin ɓarnarsa ba ta tsaya a aljihu ba: yana ɓare fuskar siminti, musamman wanda bai shekara da zubawa ba, yana ƙona ciyawa da bishiyoyi, yana sa ƙarfen mota tsatsa, yana cin tafin ƙafar dabbobi, kuma idan ya shiga rafi ko rijiya ba ya fita da sauƙi. A manyan biranen Jamus irin su Berlin da Hamburg an hana mazauna zuba shi a titin ƙafa, yashi da tsakuwa suke amfani da su.

Ƙanƙarar da take gabanka yanzu, ka jira lokacin da rana ta fi ɗumi, ka barbaɗa sinadarin da ya dace da sanyin, ka ba shi kamar rabin awa ya huda ta, sannan ka fasa da ƙarfen sara ka kwashe ɓaraguzan da ruwan gaba ɗaya, ka bi da yashi. In ka bar narkakken a wurin, da dare zai sake daskarewa. Ruwan zafi kuwa kada ka kusanto da shi, domin cikin ɗan lokaci zai huce ya zama santsin da ya fi na farko.

Rufin gida

Maƙwabcinka ya yi maka nasiha ta gari. Nauyin dusar ƙanƙara ya rushe manyan gine-gine: a watan Janairun 1922 rufin gidan kallo na Knickerbocker a birnin Washington ya rufta mutum 98 suka rasu, a Janairun 2006 kuma rufin wani zauren baje koli a yankin Katowice na ƙasar Poland ya faɗo ya kashe 65. Duk da haka, gidajen da aka gina bisa ƙa'ida a ƙasashen sanyi an lissafa musu wannan nauyi, kuma rufi mai tsayin gangare ba kasafai zuba ɗaya take yi masa illa ba. Inda nake sa ido shi ne shimfiɗaɗɗen rufi, da rumfar mota, da rumfar ƙofa, da kusurwar da ƙaramin rufi ya haɗu da dogon bango, domin a nan iska take jibge dusar ninki biyu ko uku. Ranar da ta fi tsorata ni ita ce wadda ruwan sama ya sauka a kan tsohuwar dusar, ta tsotse shi, nauyinta ya ƙaru alhali zurfinta yana raguwa. Alamomin da za ka lura da su daga ciki su ne ƙofofin da suka fara ƙin rufuwa ko buɗuwa, sabuwar tsaga a bango ko silin, silin da ya yi ciki, da ƙarar katako. In ka ga waɗannan ka fitar da iyalinka tukuna, sannan ka yi waya.

Kada ka hau rufin. A Japan, inda wasu garuruwan arewa suke samun dusar da ta kai mita da yawa a shekara, kaso mai yawa na waɗanda hunturu yake kashewa tsofaffi ne da suka faɗo daga rufi suna sharewa. Akwai manjagara mai doguwar sanda da aka yi don wannan aiki, wadda mutum yake janyo dusar da ita yana tsaye a ƙasa. Ka tsaya a gefe, ka janyo kaɗan-kaɗan, ka nisanci wayoyin lantarki, ka bar 'yan santimita a kan rufin don kada ka kankare shi. Idan kuma ka ga ƙanƙara ta yi kauri a bakin rufi tana reto kamar tsinke, alama ce ɗumin gida yana tserewa ta sama yana narkar da dusar, ruwan ya gangaro ya daskare a bakin indararo ya tare na bayansa, har ya sami hanyar shiga bango. Sara ta da gatari ɓarna yake ƙarawa. Maganinta na dindindin gyaran abin tare ɗumi ne a saman silin, wanda aikin mai gida ne. Ban ga rufinku ba, kuma ƙarfin gini injiniya ne yake tabbatar da shi, don haka ka ɗauki hoto ka aika wa mai gidan a rubuce.

Abin da ba ka tambaya ba

Akwai haɗarin da ban gani a tambayarka ba, kuma shi nake sa ma'aikata su fara dubawa kafin su taɓa hanyar mota. Na'urar ɗumama gida da ta dafa ruwa, idan da gas ko mai suke aiki, suna da bututun fitar da hayaƙi, kuma a gidaje da yawa bututun ta jikin bango yake fitowa kusa da ƙasa. Idan dusar ta rufe shi, iskar kabon monoksayid mai guba tana komawa cikin gida, ba ta da wari ba ta da launi, alamominta kuma ciwon kai ne da jiri da kasala da tashin zuciya, waɗanda mutum yakan ɗauka mura ce ya je ya kwanta. A guguwar dusar ƙanƙarar da ta afka wa yankin Buffalo na jihar New York a Disamban 2022, wadda ta kashe fiye da mutum 40, akwai waɗanda aka samu a cikin motocinsu, akwai waɗanda zuciyarsu ta buga suna shara, akwai kuma wanda wannan iska ta kashe bayan dusar ta toshe bututun gidansa. Ka zagaya gidan yau ka gano inda bututun yake, ka kafa doguwar sanda kusa da shi don ka same shi ko ya nutse. Ka tabbata akwai na'urar gargaɗin wannan iska kusa da ɗakunan barci, batirinta kuma yana aiki. Kada ka tayar da motar da dusar ta binne sai ka buɗe bakin salansarta, kada ka zaunar da yara a ciki su ji ɗumi kana haƙa. In wuta ta ɗauke, janareta a waje yake zama, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Ka share ƙofar baya ma, da mitar gas, da kewayen famfon 'yan kwana-kwana in yana gaban gidanku, kimanin mita ɗaya ta kowane gefe.

Dokar shara ta gari ce, kuma ta bambanta. A birnin New York, idan dusar ta tsaya da rana, awa huɗu ake ba mai gida ya share titin ƙafa, in ya saɓa a ci shi tara. Wasu garuruwan suna hana ajiye mota a gefen titi a daren zuba, su kuma janye wadda suka tarar. Ka duba shafin hukumar garinku, ka kuma sake karanta takardar hayarka ka ga ainihin abin da aka ɗora maka, domin in wani ya zame ya karye a gaban gidan, wannan takarda za a fara dubawa. Idan ka yanke shawarar ɗaukar mai shara na tsawon hunturu, wanda nake ganin ya dace in bayanka bai warware ba, ka tambaye shi zurfin da yake fara zuwa, ko tulin motar hukuma da matakala suna cikin yarjejeniyar, da kuma ko yana da inshora, a rubuta duka. Shi kuma ciwon bayan, in ya wuce mako bai lafa ba, ko ka ji yana sauka zuwa ƙafa da kasala ko mutuwar fata, ka ga likita kafin ka sake ɗaukar shebur.